Kukar Bayan Sito

A Pitowa, bayan siton auduga
inda nake gadin dare shekara tara,
da can itatuwa goma sha ɗaya ne.
Masu gawayi suka ci bakwai,
kwalta ta haɗiye uku.
Saura kuka ɗaya mai kogo biyu,
kuma duk mai fiffike a wannan yanki
nan ya kawo kayansa.

Tsirya ke fara kama ɗaki,
da an gama awon auduga.
Koriya shar, baki ja kamar ta ci goro,
ta leƙa kogon gabas, ta juya, ta sake leƙawa,
shi ke nan, ya zama nata.
Ba ta tambayi kowa ba.

Wata shekara cilakowa ta yi sammako,
ta iso tun 'ya'yan tsirya ba su yi gashi ba.
Kwana uku ana abu ɗaya.
Koren gashi har cikin kofin shayina.
Rana ta huɗu na tsinci ɗan tsako a gindin kuka,
tururuwa ta riga ni.
Da bakin sandata na tona masa rami.

Tun daga nan cilakowa kan wayar lantarki take jira.
Ban ce haƙuri ta koya ba,
wataƙila bakin tsirya take tunawa.
Sai ɗakin ya huce ta shiga,
ta yaɓe ƙofa da laka, ta bar 'yar tsaga,
mijin na kai fara, yana komowa, yana kai fara,
har wuyansa ya rame.

Can ƙololuwa ta shamuwa ce.
Da hadarin farko take sauka
kan tsohon tarin ƙirarenta,
ta tarar hankaka ya yashe rabi.
Ba ta kai ƙara. Wajen wa?
Ta tsinto wasu ta ɗora.
Balbela na ƙasa da ita, tana shan kashi a ka,
tana kuma zuba nata kan na ƙasa.

Marai kuwa, masu saƙa,
sun rataye gidajensu dab da sheƙar shirwa.
Na daɗe ina ce musu wawaye,
sai ran da maciji ya kama hawa,
shirwa ta faɗo masa kamar jifa.
Takan ɗauki ɗa guda, wani lokaci biyu.
Marai su yi ta kururuwa har la'asar,
gari na wayewa su ci gaba da saƙa.

Kogon yamma na mujiya ne,
abokiyar aikina.
Ba mai son ta, ba mai tashin ta.

Ni ma ɗaki ɗaya muke haya da Hamajoda,
katifa ɗaya, ƙusa ɗaya ta rataye riga.
Shi gadin rana, ni na dare.
In na kwanta bayan asuba
nakan tarar da ɗumin bayansa a katifa.
Mun taɓa yin wata guda ba gaisuwa
kan batirin rediyo.
Amma ko a watan nan
bai taɓa barin tulu ba ruwa ba.

Yau hadari ya haɗo ta bayan dutsen Tingilin.
Cilakowa na kan waya, laka a baki,
lakar tana bushewa.
Autan tsirya na bakin kogo,
ya leƙa ƙasa, ya koma, ya sake leƙowa.
Na miƙa makulli tun ɗazu, ban tafi ba.
Hamajoda ya ce, tafi mana, katifa na sanyi.
Na ce bari dai,
bari in ga ko yaron zai tashi.